Tabarma da Leda a Bikin Taubashina

Duk yarinyar da ta taɓa manna hotonsa a bangon ɗakinta, ta sani ni na san shi tun yana da ƙazwa a gwiwar hannu. Taubashina ne, ɗan Kawu, ƙanen Innarmu da ke noma a Kebbe. Da ya gama firamare aka ɗoro shi a bayan babur da kayansa cikin buhu, aka kawo shi gidanmu a Tambuwal ya yi sakandare. Na girme shi nesa ba kusa ba, don a lokacin na riga na fara koyarwa a firamare. Babanmu ya daɗe da rasuwa, tandar masar Inna ce ke riƙe da gidan.

Yaron ya zo da wata lalura da Kawu bai faɗa mana ba: fitsarin kwance. Ba na ƙuruciya ba, don har ya fara tsirar gashin baki bai daina ba. A unguwarmu idan aka gane yaro da wannan, sai an ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, yara su bi shi da tafi har bakin rijiya. Inna ta ce ba a gidanta ba. Ta shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin tabarma, kullum da asuba ta wanke ta shanya a bayan rumbu inda maƙwabta ba sa leƙowa. Ni kaina ta ja mini kunne. Tsakanin taubasai babu abin da ba a tsokana da shi, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a yi zagi a yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amma Inna ta ce wannan ɗaya ba ta cikin wasa.

"In kin taɓa shi da wagga magana, ni da ke na," in ji ta.

Ban taɓa shi ba. Na riƙa tsokanarsa da kunnuwansa da cin da yake yi, na bar tabarma a inda Inna ta ajiye ta.

Yana aji uku hawan jini ya kayar da Inna a gaban tanda. Ta tashi da hannun hagu a lanƙwashe, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Ina zuwa makaranta da safe, shi kuma idan ya dawo ya zauna kusa da ita yana yi mata waƙa yana faɗa mata sunayen abubuwa, wannan ludayi, wannan ƙwarya. Gaskiya ba zan rage masa ba, ya yi mata hidima. Kalmar farko da ta dawo bakinta ita ce "awo", wato abin da mutanen Kano ke cewa "eh". Ta fito a ja, bakin yana rawa, yawu na bin gefe. Ni da shi muka yi kuka muka yi dariya a tsakar gida. Da ta samu sauƙi ta koma rumfarta a bakin kasuwa, tana juya masa da hannu ɗaya, da ɗan ƙyalle a kafaɗa na goge baki. Duk wanda ya tsaya, ko gaisuwa ya yi ko ciniki, sai ta ce masa, "Awo, ɗiyana." Mutanen Tambuwal sun san abin da ta sha kafin kalmar ta dawo, babu mai dariya.

Murya kuwa Allah ya ba shi. Tun a walimar Islamiyya ake tura shi gaba, daga nan aka fara kiransa gidajen biki. Wani abokinsa ya kai shi situdiyo a Sakkwato suka buga waƙar soyayya guda, ta shiga hannun masu cajin waya da tura waƙoƙi, kafin mu ankara ta kai Jabo da Dogon Daji, ta wuce. Bai gama sakandare ba 'yan mata suka fara zuwa sayen masar da ba za su ci ba. Sai ga wani mai shirya fim daga Kano da mota mai baƙin gilashi. Inna ta ƙulle masa masa a leda, ta dafa kansa da hannunta mai lafiya, ya tafi.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Askin da yake yi ya zama na kowane saurayi, hotonsa ya hau bayan babura da marfin waya. A fim kullum shi ne ɗan gata mai farar shadda, yana bin yarinya a cikin lambu yana waƙa, ita tana ɓuya a bayan fulawa. Ɗalibaina mata suna rera waƙarsa a layin taro, ina tsawata musu da baki, cikina kuwa fal alfahari. Na sha cewa a ɗakin malamai, wannan da kuke gani bawana ne, ni na koya masa wanke kwano.

Bakinsa ne ya fara sauyawa. Yaron da ke cewa "abin da nika so" ya koma "abin da nake so", yana tauna Kananci har ya fi Kanawa. Ni da yake kira Yaya na koma Anti. A rediyo ya ce iyayensa mutanen can wajen Sakkwato ne amma shi a Kano ya tashi. Muka yi dariya, Inna ta ce sana'a ce, a bar shi ya nemi abinci.

Wata rana a ɗakin malamai na ga abokan aikina sun haɗa kai a kan waya suna ƙyaƙyatawa. Ina shigowa suka yi tsit. Na karɓi wayar. Sabon fim ɗinsa ne, shi yana nan da farar shaddarsa, ya tsaya sayen masa wurin wata tsohuwar ƙauye da aka sa don ban dariya. 'Yar wasan ta lanƙwashe hannun hagu a kan cikinta. Ta ɗaura kallabi a gefe yadda Inna ke yi. Ga ƙyalle a kafaɗa. Ta karkace baki, ta saki yawu, ta ce, "Awo, ɗiyana." Shi kuma ya ja da baya yana kare shaddarsa, yana kallon kyamara. Babu wanda zai iya koya wa matar nan wannan sai wanda ya zauna a gaban Inna yana kallon bakinta lokacin da take neman kalma. Na ajiye wayar a hankali don ba tawa ba ce.

Mutanen gari manya sun kawar da kai, amma yara ba su san kawar da kai ba. Ina zaune a rumfar Inna ranar da wasu 'yan makaranta suka biyo, suka karkace baki, suka haɗa murya suka ce "awo, ɗiyana", suka zuba da gudu. Na bi su da takalmi har kwanar masu nama. Da na dawo na tarar wata mai sayen masa, ba da mugunta ba, wautarta ce kawai, ta miƙa wa Inna waya tana cewa ga ɗanki ya sa ki a fim. Inna ta kalla har ƙarshe. Ta goge bakinta, ta soya sauran ƙullun, ta sallami kowa. Da muka koma gida ta wanke tandar ta kife ta a bayan rumbu.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na haƙura. Amma fim ɗin ya karɓu, kalmar ta shiga bakin kowa, sai aka gayyace shi hira a rediyo. Rediyon Inna ba ya mutuwa, yana rataye a ƙusar ƙofar ɗakinta. Mai gabatarwa ya tambaye shi inda suka samo tsohuwar nan. Ya yi dariyar nan tasa da ke kashe 'yan mata, ya ce, "Wata tsohuwa ce mai masa a wani ƙauye, na daɗe ina kallonta ina dariya." Wata tsohuwa. Ina tankaɗe a lokacin, na ajiye rariyar. Inna ba ta kashe rediyon ba.

Daga ranar maganarta ta ragu. Wadda ta rage ɗin ma ba tata ba ce. Ta koma zaɓen kalma ɗaya-ɗaya irin ta masu karanta labarai, tana kare baki da gefen mayafi. Idan na ce Inna in kawo miki ruwa, sai ta ce "eh". Matar da aka haifa a Kebbe, ta yi aure a Tambuwal, ba ta taɓa kwana a Kano ba, ita ce ke ce mini "eh" a cikin gidanta. Wannan ya fi kifa tandar ci mini rai. Ciwo ya ƙwace mata magana ta yi kokawa ta ƙwato, sai ga ɗan da ta goya da hannu ɗaya ya sake ɗaukewa yana dariya.

Na kira shi. Sai da na yi ta bugawa kafin wani yaronsa ya haɗa ni da shi. Na faɗa masa abin da ya yi ba tare da na rage komai ba.

"Haba Anti," ya ce, "nishaɗi ne fa kawai. Ke da kike taubashiya ai kin fi kowa sanin wasa."

Na ce masa haka ne, na san wasa.

Na je Kebbe na kai ƙara wurin Kawu. Shi ba ya kallon fim, yana gyaran garma na same shi. Ya saurare ni, ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Yaro na, bai san abin da shika yi ba." Na dawo da haƙurin a baki, ban haɗiye ba.

Na jira. Ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Na ga ya sayi mota, na ga ya sauya ta. Na daina hana yara waƙarsa a makaranta don kada a ce hassada nake yi. Duk sallah yana aiko wa Inna atamfa ta hannun direba, ita kuma ta sa a akwati. Ni dai na san duk tsawon tafiyarsa akwai ranar da dole ya zauna a gaban dangi, ranar da al'ada za ta ba ni shi a hannu.

Aka ɗaura masa aure a Kano da wata 'yar gidan masu hali. Kawu ya rantse sai an kawo amarya Kebbe ta ga dangi. Shi kuma da ya ga babu makawa sai ya mayar da abin talla: ya sanar wa masoyansa zai koma tushe, ya taho da 'yan fim da masu kyamara mota-mota. Tushen da ya ce bai tashi a cikinsa ba. Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya hanya ba, ta ba ni turmin atamfa ɗaya daga cikin nasa in kai wa amarya. Na karɓa. Na biya kasuwa na sayi sabuwar tabarma da leda mai kauri, irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai, na naɗe su tare na ɗaure da igiya.

Mai babur ɗin da ya kai ni ya yi ta mita, wai tabarmar tana dukan bayansa duk ramin da muka faɗa, ramukan hanyar Kebbe kuwa ba sa ƙirguwa. Na ce ya yi haƙuri, kayan amarya ne.

An kafa rumfuna a filin gaban gidan Kawu bayan la'asar. Rabin garin yana wurin, samari a kan katanga da rassan dalbejiya, kowa ya ɗaga waya. Ango da amarya suna kan kujeru masu ruwan zinariya da aka ɗauko tun daga Sakkwato. Ya yi waƙa biyu, 'yan mata suka yi ta ihu. Sai sanƙira ya ce lokacin taubasai ya yi, su fito su yi abin da suka gada. Masu kyamara suka matso, don wannan ne irin abin da suka zo nema. Ƙannena na wajen wata goggonsa suka fara, suka shafa masa gari a fuska, suka ƙwace hularsa suka ce sai ya fansa. Yana dariya yana ɗaga hannu, yana juya gefen fuskarsa mai kyau wajen kyamara.

Na bari suka gama. Na tashi da naɗina a kai, na karɓi makirufo a hannun sanƙira. Da ya gan ni ya ce, "Ga Anti, ga uwar ɗakina," jama'a suka yi tafi.

Na fara miƙa wa amarya atamfar, na ce wannan daga goggon ango. Sannan na kwance igiya, na shimfiɗa ledar a gabanta, na ɗora tabarmar a kai, na gyara gefe da gefe yadda na ga Inna na yi shekara da shekaru. Na yi magana da bakin garinmu, a hankali, don na baya su ji.

"Amarya, ga gudummawata. Leda ƙasa, tabarma bisa, kada ki juya. Kada ki ba shi kunu in yamma ta yi. Da asuba ki wanke ki shanya inda maƙwabta ba su gani. Haka munka yi mai a Tambuwal har yay yi gashin baki, kuma ba mu da labarin ya daina."

Sai wata tsohuwa daga cikin dangi ta fashe da dariya, filin duka ya ɗauka. Samarin kan katanga har da masu faɗowa. 'Yan fim ɗin da suka zo da shi suna dafe da ciki, masu kyamara kuwa ko ƙiftawa ba su yi ba. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. Ita ba ta yi mini komai ba, amma ba ni na zaɓa mata miji ba.

Shi ya miƙe tsaye, gari a fuska, ya manta akwai ƙaramin makirufo maƙale a wuyan rigarsa. Kanancin shekaru ya zube masa a take.

"Yaya, mi niy yi maki? Don Allah mi niy yi maki?"

Lasifika ta kai maganar har bakin kasuwa. Na ce, "Ni ɗiyar wata tsohuwa ta, mai masa, a wani ƙauye. Wasa na, ɗan Kawu. Ai ka san wasa."

Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Ya dubi dattawa, suna share hawayen dariya. Babu wanda zai tsawata wa taubashiya a ranar biki, kuma idan ya yi fushi a gaban jama'a ya ƙara wa kansa wani abin faɗi. Dole ya buɗe haƙora. Na tsaya na kalli wannan dariyar tasa har ta ƙare, kuma ban taɓa jin daɗin wani fim nasa kamar yadda na ji daɗinta ba. Da zan tafi Kawu ya rako ni bakin hanya, abin da ya ce kawai shi ne wasan ya yi zafi. Na ce masa a gidan 'yar'uwarsa aka hura wutar.

Kafin in iso Tambuwal hoton ya riga ni. Masu cajin wayar da suka ɗaga shi su suka yi ta tura wannan ma. "Mi niy yi maki" ta kori "awo ɗiyana" daga bakin yara. An ce duk inda ya hau dandamali sai wani ya jefo leda. Yarinya ba ta iya kallon saurayi yana bin wata a lambu alhali tana tuna tabarma, don haka masu shirya fim suka samo wani sabon yaro mai lotsawar kumatu in ya yi murmushi suka ba shi farar shaddar. Shi aka koma ba shi fitowar abokin ango, wani lokaci ma ɗan ƙauye mai Sakkwatanci, wanda yanzu ya tuna ya iya.

Inna ta ji, don a Tambuwal babu abin da ba a ji. Ta kira ni ɗaki, ta kare baki da mayafi.

"Abin da na rufe, ke kika buɗe," ta ce.

Na ce ni na buɗe, kuma da za a sake bikin da na ƙara da kwaɗo. Ba ta yi dariya ba. Na lura har faɗan ma da Hausar rediyo ta yi mini shi.

Bayan damina ya zo, ba kyamara, ba direba, a motar haya. Ya rame. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta inda yake zama da can yana koya mata sunan ludayi. Ina tsaye a bakin madafa ina kallo, don wannan ce ranar da na yi wa duk wahalar. Na ɗauka idan ya durƙusa, abin da ya ɗauka zai dawo.

"Goggo, ni niy yi kuskure," ya ce. "Ke kinka riƙe ni, ke kinka rufa man asiri. Ki yafe man don Allah."

Inna ta dube shi, ta gyara mayafin a bakinta.

"Eh, na yafe," ta ce. "Yaya mutanen Kano?"

Ya yi ta godiya, ya share ido, ya ci tuwo, ya tafi da sauƙi a fuskarsa. Shi a ganinsa an gama. Bai ma ji abin da na ji ba, shi da ya fi kowa kunnen kwaikwayo.

Tandar tana nan a kife, kaza ta mayar da gefenta wurin ƙwai. Rumfar bakin kasuwa wata mai awara ce a ciki yanzu. Jiya na tambayi Inna ko in dafa mata ruwan wanka, ta ce "eh", ta juya fuska bango. Ita ta yafe, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, ni ba a tambaye ni ba. An ce matarsa ta kusa haihuwa, kuma Kawu ya sake rantsewa a Kebbe za a yi suna. Na riga na kai ɗinki.